Tarihin Wasan Tamaula A Makarantunmu

Ya ku 'yan makaranta na Fagada, da Jega, da Aliero, da Maiyama, da na sauran wurare duk inda takardan nan ta iske ku! Labarin da za mu ba ku yau na wani abu ne wanda kowannenku ya san shi tun bai iya rarrabe baƙi da wasali ba, watau wasan tamaula, wanda yanzu aka fi sani da ƙwallon ƙafa. Da wuya mutum ya ratsa wani ƙauye a ƙasar Gwandu da la'asar sakaliya bai ga yara sun aza duwatsu biyu gabas, biyu yamma, suna bin wani ƙunshin tsumma da gudu, ƙura na tashi ba. Amma in ka tsai da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi wanda ya kawo wasan nan ƙasarmu, da shekarar da ya zo, da abin da ya jawo mana na girma ko na kunya, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya.

Har wa yau akwai wata gardama tsakanin iyaye da malamai wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Uba ya ce shi ya kai ɗansa makaranta don ya yi karatu ne, ba don ya komo gida da targaɗe da yagaggen wando ba, ga shi kuwa gona tana jiran hannu. Malami kuma ya ce yaron da ba ya motsa jiki, kansa ma ba ya motsi. To, alƙali ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin shaidu, mu kuwa shaidunmu su ne shekarun da suka wuce. Ku kasa kunne ku ji abin da waɗansu 'yan makaranta irinku suka yi da ƙafafunsu, sa'an nan mu komo kan gardamar.

Asalin Wasan

Kada ku zaci kakanninmu ba su san wasa ba sai da Turawa suka zo. Tun da can muna da langa, da kokawa, da dambe, da tsere, da sukuwa, mutanen bakin gulbi kuma suna da iyo da tseren jirage. Abin da ba mu da shi shi ne wasan da mutum 11 za su fuskanci mutum 11 bisa doka rubutacciya, da alƙali a tsakani riƙe da usur.

A Ingila ma da farko babu doka. Mutanen ƙauye guda su kan fito kwansu da kwarkwatarsu su kara da na wani ƙauye, a yi ta turereniya a kan ƙwallo ɗaya tun safe har yamma, ana kakkarya juna, har sarakunan ƙasar suka sha hana wasan. Waɗanda suka gyara shi su ne 'yan makaranta. Manyan makarantun Ingila, irin su Eton da Harrow da Rugby, kowace ta tsara nata dokoki. Da samarin suka taru a jami'a sai aka rasa yadda za a yi wasa tare, gama wannan ya ce a makarantarsu ana ɗaukar ƙwallo da hannu a ruga da ita, wancan ya ce su ba su san haka ba. Sai a shekarar 1863 waɗansu ƙungiyoyi suka taru a birnin Landan suka daidaita a kan doka guda. Waɗanda ba su yarda ba suka ware, suka bi nasu wasan dabam. Kun ga ashe tamaular da ku ke yi yau a makaranta aka yi mata tarbiyya, ta ƙofar makaranta kuma ta shigo ƙasarmu.

Yaran Kalaba

A shekarar 1895 'yan mishan na ƙasar Sikotilan suka buɗe wata makaranta a Kalaba, can kusa da bakin teku, ana kiranta Hope Waddell, inda a ke koyar da karatu tare da sana'o'in hannu. A 1902 wani malaminsu mai suna James Luke ya koya wa yaran tamaula. Bayan shekara biyu sai wani jirgin yaƙi na Ingilishi, wanda a ke kira Thistle, ya tsaya a Kalaba, aka shirya wasa tsakanin mutanen jirgin da ƙungiyar makarantar. Ran 15 ga watan Yuni, 1904, aka kara. Makaranta ta ci 3, mutanen jirgi suka ci 2. Wannan shi ne wasan tamaula na farko da aka sami labarinsa a rubuce a Nijeriya.

Ku dubi zamanin da abin nan ya faru. Shekara guda ke nan da 'yan watanni da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, mutane da yawa kuwa sun sallama, suna ganin ba abin da Bature zai sa hannu a kai baƙar fata ya fi shi. Sai ga wani fili inda doka ɗaya ce a kan kowa, aka kuwa ƙirga ci a gaban jama'a, na gida suka fi. Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, ya taɓa zama a makarantan nan yana yaro. Ya gane abin da wasa ke yi wa zukatan mutane, shi ya sa a 1938 ya kafa ƙungiyar wasanni ta 'yan ƙasa a Ikko, tun ba a fara jin ƙamshin mulkin kai ba.

Yadda Ta Iso Arewa

A Arewa makarantun boko sun makara, tamaula ma ta makara tare da su. Sai a 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. Daga baya aka kafa makarantun Midil a manyan garuruwan larduna, har da Sakkwato, inda yaran ƙasar Gwandu da Argungu da Yawuri su kan tafi in sun gama Elementare. A waɗannan makarantu wasa ba ganin dama ba ne, wajibi ne kamar lissafi. Da yamma kowa sai ya fita fili, ko tamaula, ko kurket, ko wani wasa da a ke dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango.

Wannan na bango ya kamata ku san labarinsa, don ƙasarku tana da rabo a ciki. Asalinsa daga makarantar Eton ne, wanda ya kawo shi kuwa wani malami ne Bature, Mista Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kabi da Katsina a shekarun 1920. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya ƙware a kansa tun yana Katsina. Ya gama a 1931, ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa, bai kuwa rabu da wasan ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Bayan rasuwarsa a 1966 wasan bai mutu ba, ana yin gasarsa a Arewa da kofi mai sunan Sardauna.

Me ya sa malaman wancan zamani suka matsa wa yara a kan wasa haka? Ku tuna irin yaran da su ke taruwa a Katsina. Ahmadu Bello daga Raba ya zo, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi, Kashim Ibrahim daga Barno, Aliyu Makaman Bida daga ƙasar Nufe. Wani ɗan sarauta ne, wani ɗan talaka, wani ma Hausa ba harshen gidansu ba ce. A aji kowa kansa ya ke yi wa karatu, amma a fili ba mai ci shi kaɗai. Dole ka miƙa wa ɗan'uwanka ƙwallo ko da ba ku sha ruwan rijiya ɗaya ba, dole ka bi umurnin kyaftin ko da ubanka ya fi ubansa rawani, dole kuma ka yi shiru in alƙali ya busa usur ko da kana ganin bai yi maka daidai ba. Mutanen da suka sha irin wannan horo su ne suka zauna majalisa ɗaya daga baya suka riƙe Arewa. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, a 1971 aka sa mata suna Barewa.

Daga Makaranta Zuwa Gari

Yaran da suka fita makaranta ba su bar tamaula a can ba. Suka kama aiki a reluwe, da gidan waya, da kantunan kamfanoni, da ma'adinan kuza a Jos, suka kafa ƙungiyoyi. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ta haɗa ta da Ikko, saboda haka garuruwan da ke bakin dogo, irin su Kano da Zariya da Kaduna, su suka riga sauran garuruwan Arewa karɓar wasan. A 1945 aka sa Kofin Gwamna, wanda da farko ƙungiyoyin Ikko kaɗai ke nemansa.

A 1949 aka zaɓi samari 18 aka sa su a jirgin ruwa zuwa Ingila, Etim Henshaw ne kyaftin ɗinsu. Yawancinsu ba takalmi su ke wasa, sai ɗan ƙyalle da su ke naɗe ƙafa da shi, Turawa suka yi ta mamaki. Wasansu na farko, kusa da birnin Lifaful, suka ci 5, masu gida suka ci 2. Bayan haka sun sha kashi a wurare da dama, musamman inda ruwan sama ya jiƙa fili ƙafa ba ta kama ƙasa. Kan hanyarsu ta komowa suka tsaya a Saliyo suka ci ta 2 ba ko ɗaya. A 1953 kuwa ƙungiyar Kano ta ɗauko Kofin Gwamna, ya zama karo na farko da ya hau Arewa.

Duk da haka rijiyar da a ke ɗebo 'yan wasa ba ta sake ba, makaranta ce. A Ikko wani limamin mishan ɗan ƙasar Ailan, Fada Slattery, ya kafa makarantar St. Finbarr's a 1956, ya tsare yaransa a kan karatu da tamaula gaba ɗaya. Daga nan Stephen Keshi ya fito, wanda ya ɗauki Kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaukarsa yana mai koyarwa a 2013. A kan kuma tsinto gwanaye daga makarantun sakandare na ƙasa duka a haɗa su ƙungiya ɗaya su kara da takwarorinsu na Gana. A tsakiyar shekarun 1960 irin waɗannan yara suka je Akara suka ci na Gana a gidansu. Cikinsu akwai wani yaro daga Jos, Isma'ila Mabo, wanda da ya girma ya koyar da ƙungiyar mata ta Nijeriya, ya kai ta cikin takwas na ƙarshe a gasar duniya da aka yi a Amurka a 1999.

Makarantar Da Ta Tashi Daga Toka

Yanzu ga labarin da ya fi dacewa ku riƙe. A Anaca, bakin kogin Kwara, akwai wata makaranta da 'yan mishan na Ailan suka kafa a 1933, ana kiranta Christ the King College. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, garin Anaca ya zama fagen fama. Mutane suka watse, kasuwa ta ƙone, gine-ginen makarantar suka lalace, karatu ya tsaya cik. Yaƙi ya ƙare a watan Janairu, 1970, waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana suka komo suka tarad da kango.

Mutumin da ya komo ya iske haka, ai sai a ce ba shi da sukunin wasa. Amma malamai suka share fili tare da share azuzuwa, gama sun san yaron da ya ga tashin hankali yana bukatar abin da zai mai da shi yaro. Shekara 7 da ƙare yaƙi, a 1977, ƙungiyar makarantan nan ta tafi birnin Dabilin na ƙasar Ailan, wurin gasar makarantun duniya, a madadin Nijeriya duka, ta kuwa komo da kofi. Ku duba ikon Allah: ƙasar da malamansu na farko suka fito, can yaran suka je suka nuna abin da aka koya musu.

A cikin shekaran nan ɗaya ƙungiyar Rangers ta Inugu, wadda aka kafa a 1970 bayan yaƙi, ta ci ɗaya daga cikin manyan kofunan ƙungiyoyin Afirka. Kyaftin ɗinta, Christian Chukwu, ya fara suna ne tun yana ɗan sakandare. A watan Maris, 1980, shi ne ya jagoranci Nijeriya ta ci Aljeriya 3 ba ko ɗaya a Ikko, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko. Wanda ya miƙa masa kofin kuwa shi ne Shugaba Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta daga lardin Sakkwato. Shekara 10 kafin ranan nan mutanen waɗannan biyu suna harbin juna. Tamaula ba ita ta kashe wutar yaƙi ba, amma ta taimaka wajen sanyaya tokar.

Kofin Duniya Na Yara

A 1985 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta shirya gasa ta farko ta yara 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, ƙasashe 16 suka shiga. Nijeriya ta aika da yaran da aka tsinto daga makarantu da ƙananan ƙungiyoyi, Sebastian Broderick yana koyar da su, Chukwu yana taimakonsa. Suka ci Italiya 1 ba ko ɗaya, suka yi kunnen doki da Saudiyya, suka ci Kosta Rika 3, suka fitar da Hangari, suka fitar da Gini da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ran 11 ga watan Agusta, a birnin Bejin, suka ci Jamus ta Yamma 2 ba ko ɗaya. Nduka Ugbade, kyaftin ɗinsu, ya ɗaga kofi. Kafin wannan rana ba wata ƙasar Afirka da ta taɓa cin gasar duniya ta hukuman nan.

Shugaban ƙasa na lokacin, Janar Muhammadu Buhari, ya karɓe su, aka yi musu alkawura na alheri. Kafin wata ya ƙare aka yi juyin mulki, maganar ta kwanta. Yaran suka girma, suka yi furfura, waɗansu suka riga mu gidan gaskiya. Sai a farkon 2016, bayan Buhari ya komo mulki ta hanyar zaɓe, aka kira su aka ba kowannensu Naira miliyan 2. Alkawari kaya ne, an kuwa sauke, amma shekara 30 ya yi a kan wuya. Duk wanda zai girmama yaro, ya yi tun zufar ba ta bushe ba.

Nijeriya ta sake cin kofin nan a Japan a 1993, da Koriya ta Kudu a 2007, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, da Cile a 2015, sau 5 ke nan. Na 2013 ya shafe mu ƙwarai, don mai koyarwa Manu Garba ne daga Gombe, kyaftin kuwa Musa Muhammad ne daga Kano. A wasan ƙarshe suka ci Meziko 3 ba ko ɗaya, kyaftin ɗin da kansa ya jefa ta ukun. Cikin masu taimakon Manu Garba akwai Ugbade, yaron nan na 1985. Haka abin ya ke tafiya, wanda aka koya wa jiya shi ke koyarwa yau. A Kano ma a kan tara yara daga jihohi don gasar Kofin Ramat, wadda a ke yi don tunawa da Janar Murtala Muhammad, tsohon ɗalibin Barewa, wanda aka kashe a 1976.

Inda Aka Ji Kunya

Mai ba da tarihi in ya faɗi daɗi ya ɓoye ɗaci ya zama maroƙi. Saboda haka ga ɗaya gefen. Da aka ga kofin yara yana jawo suna da kuɗi, sai waɗansu suka shiga rage shekaru, ƙato mai aske gemu ya ce shi ɗan 15 ne. A 1989 FIFA ta tarar shekarun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu sun saɓa tsakanin takarda da takarda. Ta hana Nijeriya shiga gasar matasa har shekara 2, ta kuma karɓe gasar duniya ta matasa ta 1991 wadda da a nan za a yi, ta kai ta Fotugal. Sai a 1999 muka sami saukar da baƙin, aka yi wasanni har a Kano da Kaduna da Bauchi.

Daga 2009 aka shiga duba ƙashin wuyan hannun yara da wata na'ura ta asibiti, gama ƙashin yaro yana da wurin da bai gama haɗewa ba, na babba kuwa ya haɗe. A 2016 na'uran nan ta fitar da 'yan wasanmu da dama ana gab da karawa da Nijar. Maƙwabtanmu suka fitar da mu, suka wuce, har suka kai gasar duniya a Indiya a 2017, karo na farko a tarihinsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ku lura da wanda a ke zalunta a nan. Duk ƙaton da ya shiga rigar yaro, akwai wani yaro na gaskiya, watakila daga ƙauye kamar naku, wanda aka hana shi rabonsa. Makarantar da ta ɗauko ɗan kasuwa ta sa masa rigar 'yan aji uku don ta ci maƙwabciyarta, ta sami kofi, amma ta koya wa ɗalibanta duka cewa ƙarya tana biya. Wannan hasara ta fi ta ci 10.

Mu Komo Kan Gardama

To, shaidu sun gama, sai hukunci. Uban da ya ce karatu ne gaba ya yi gaskiya. Cikin dubban yaran da ke bin tamaula, 'yan ƙalilan ne ta ke ciyarwa, su ma ɗin kafin su kai shekara 40 ƙafa ta gaji. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗori tun kaka da kakanni, in ƙashi ya karye sa gyara shi da yardar Allah, amma ba mai ɗorin da zai ɗora maka shekarun karatun da ka zubar. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Aliero tun 2006, ƙofarta kuwa ba ta buɗuwa da bugun ƙafa, sai da takardar jarrabawa.

Malami ma ya yi gaskiya. Duk yaran da muka ba ku labarinsu, daga Kalaba har Anaca, makaranta ce ta tara su, ta ba su fili, da malami, da lokaci, da doka. Yaron da ya san in ya yi fashin aji ba za a sa shi a wasan Asabar ba, ya kan yi sammako. Wanda ya saba a ci shi ya miƙa hannu ya gai da wanda ya ci shi, ba zai zama mai tada husuma a kasuwa ba. Saboda haka hukuncinmu shi ne kowane abu da lokacinsa. In an kira salla a tsai da wasa. In damina ta sauka a taimaki iyaye a gona tukuna, lokacin dashen albasa ma haka. In jarrabawa ta gabato a rataye takalmi. Abin da ya saura na fili ne, kada a hana yaro.

Ku kuma manyan gari, hakimai da dagatai da attajirai, muna roƙonku abu uku. Na farko, ku tsare filin makaranta, kada a yanka shi fuloti-fuloti, gama in ya tafi ba ya komowa. Na biyu, ran da yaranku za su kara da na wani gari, ku zo ku zauna a bakin fili. Yaro in ya hangi rawanin hakimi da hular ubansa cikin 'yan kallo, ya san an ɗauke shi mutum. Na uku, in sun ci, a girmama su da abin da zai amfane su, kamar littattafai ko biyan kuɗin jarrabawa, a kuma rubuta sunayensu da shekarar a littafin makaranta. Da mutanen Kalaba ba su rubuta wasan 1904 ba, da yau ba mu da abin da za mu faɗa muku. Makarantu nawa ne a ƙasar Gwandu suka yi abin yabo a fili, amma labarin ya bi tsofaffi kabari don ba wanda ya ɗauki alƙalami?

Ku kuwa 'yan makaranta, ga aikin da muka ba ku. Kowa ya je wurin tsohon malami, ko tsohon ɗalibi na makarantarku, ya tambaye shi yaushe aka fara tamaula a garinku, wa ya kawo ƙwallo ta farko, da wane gari aka fara karawa, wa ya ci. Ku rubuta da kyakkyawan hannu, ku kai wa hedimasta ya ajiye. In kuma 'yan Maiyama sun zo Jega, ko 'yan Aliero sun zo Fagada, ku tarye su da ruwa da abinci, ku yi wasa iyakar ƙarfinku, in an tashi ku raka su har bakin mota, ko ku kuka ci ko su suka ci. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa ya ke. Allah ya ba ku ilmi mai amfani da lafiyar jiki, ya sa ku zama abin alfahari ga iyayenku da garuruwanku, amin.